Gurbi Na Tara

Ranar kasuwar Jahun na bi motar albasa,
takardu a leda, ledar a ƙarƙashin hijabi,
kada gumi ya lashe tambarin jami'a.
Tasi'u mai kwamfuta ya ce in jira.
Janareta na tari, mutum shida a gabana,
kowa da fayil a cinya kamar mai renon jinjiri.

Da layi ya zo kaina ya ce, suna?
Na ce Barira Haladu.
Ya ce katin ɗan ƙasa ya ce Bariratu,
banki ya ce Halladu, da lam biyu,
takardar jarrabawa kuma ta liƙa miki Miga a wutsiya.
Ku uku ne ke nan a idon na'ura,
wacce a ciki ke neman rancen karatu?
Na ce duk mu ukun, ai aljihunmu ɗaya.

Ranar haihuwa?
Inna ta ce shekarar da ruwa ya shiga masallacin Juma'a
har aka ɗaure kwalekwale a jikin tsamiya.
Tasi'u bai ɗago ba, ya buga ɗaya ga Janairu,
ranar da aka haifi rabin ƙauyenmu.

Sai gurbi na tara:
nawa mahaifi ke samu a shekara?

Na kira Baba ta wayar Isiyaku mai caji.
Ya yi shiru, ina jiyo kukan injin niƙa a bayansa,
can ya ce, wace shekarar suke nufi?
Bara buhu goma sha ɗaya ne,
jan-baki ya ɗebi zakkarsa tun ba mu fidda tamu ba.
Bana kuwa, mai bana ya san bana.
Rubuta musu akuya uku, ɗaya da ciki,
da jaki guda, amma yana ɗingishi.
Na ce Baba, lamba suke so.
Ya ce to su tambayi damina, ita ke riƙe da lissafina.

Tasi'u ya cika gurbin da abin da ya ga dama,
ya karɓi dubu biyu da ɗari biyar,
kuɗin ƙulikulin Inna na mako guda.

Da dare, bayan an kashe fitila saboda batir,
Baba ya ce daga kan tabarma,
kuɗin nan, akwai ruwa a kansu?
Na ce babu ruwa, haka suka rubuta,
biya sai na gama, sai na kama aiki.
Ya ce ruwa bai taɓa yi mana sallama ba kafin ya shigo.
Sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
to ni nawa ban taɓa kai shi gaban hukuma ba.
Inna ta ce Malam, bashin taki kake ci kowace shekara
kana binne shi a ƙasa kana jiran sama.
Bar yarinya ta binne nata a ka.
Bai amsa ba.
Da asuba na tarar da takardata a kan buhun iri,
ya dangwala yatsa, shuɗin biro har gefen farce.

Yanzu kullum la'asar ina hawa jingar fadama,
nan kaɗai sabis ke sauka a garinmu.
In ɗaga waya sama kamar mai roƙon hadari,
ta yi ta juyi, ta yi ta juyi,
ta ce mini ana dubawa.
Kwana goma sha tara a rufe rajista.
Dutse ba nisa, motar awa ɗaya da 'yan kai,
amma ban taɓa ganin gari mai nisanta ba.

Jiya cikin dare akuyar ta haihu, tagwaye.
Baba ya leƙo da tocila, hula a karkace,
ya ce Barira, gobe ki koma wajen yaron nan,
ki ce ya gyara gurbi na tara.
Kada a ce mun yi wa gwamnati ƙarya,
sun zama biyar.